Ranar da Na Mayar da Baba Bature

A shekarar da kasuwar fata ta juya wa mahaifina baya, ni ina ɗaki a gidanmu na Mandawari ina karatun digiri na biyu ta intanet, a kan dabarun kasuwanci tsakanin ƙasashe. Malamanmu suna Turai, ɗalibai kuma a warwatse ko'ina a duniya. A wannan aji na fara jin cewa mu kasuwa ce mai tasowa. Kakannin Baba daga Gadamas, can ƙetaren hamada, suka zo a kan raƙuma, suna fitar da jemammiyar fatar akuya tun ba a san jirgin ƙasa ba, amma ban yi gardama ba. Tunda na riga na yi rajista, sai na yarda tasowa muke yi.

Abin da ke gabanmu a gida ba na wasa ba ne. Masu sayen fatar Baba sun koma wa roba mai kama da fata, sito ya cika da kaya har warin jima yana shigowa tsakar gida. Wata safiya yana shan shayi ya ce idan bai sami mai saye daga waje ba kafin azumi, zai rufe siton da ya gada. Ya faɗa kamar zancen wani yake yi. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Akwai wani ɗan Italiya a ajinmu, danginsa jakunkuna suke ɗinkawa. Na tura masa hotunan fatunmu, ya nuna wa kawunsa, kawun ya ce abokin nawa ya zo Kano ya gani da idonsa. Ranar har tsalle na yi, na ce ga amfanin boko ya zo har gida.

Mun taɓa yin darasi a kan yadda kowace al'umma take ciniki. An koya mana cewa Bature ba ya son doguwar gaisuwa, so yake a dube shi cikin ido, a faɗi farashi, a kiyaye lokaci. Sai na zaunar da Baba a zaure, mutumin da ya fara ciniki tun ba a haife ni ba, na shiga yi masa lacca.

"Baba, ban da tambayar iyali. Ban da labarin kakanni. Ka faɗi farashi kawai, ka nemi eh ko a'a."

"Ko ruwa ba zan ba shi ba?"

"A ba shi, amma na roba, a rufe."

Sai ya ce, "To, ai kai ka yi karatun." Baba kuwa in ya ɗauki abu ba ya yi masa riƙon wasa. Ya sa aka naɗe dardumar zaure, aka aro tebur da kujeru, aka rataya agogon bango. Har gwajin kallon cikin ido ya riƙa yi da Hajiyarmu, tana dariya tana cewa ya daina zare mata ido kamar ɗan sanda.

Abin da bai zo mini a rai ba shi ne, abokin nawa ma yana cikin wannan darasin. Shi kuma an koya masa cewa a irin ƙasashenmu ba a fara zancen ciniki sai an saba, kuma zuwa a kan lokaci takura wa mai gida ne.

Don haka ya zo a makare, da gangan, cikin kaftani da hula. Ya cire takalmi a bakin zaure, ya waiga yana neman tabarma, ya ga kujera. Ya durƙusa a gaban Baba ya jero gaisuwar da ya haddace: ina gajiya, ina iyali, ina gida, ina labari. Baba ya kalli agogo, ya kalle shi cikin ido, ya faɗi farashi. Ni ne tafinta, na fassara.

Baƙon ya yi murmushi, ya ce ya ji kakanninmu daga hamada suka zo, yana so ya ji labarinsu. Duk rayuwar Baba wanda zai yi masa wannan tambayar yake jira, don mu 'ya'yansa mun daɗe da gajiya da labarin. Na ga bakinsa ya buɗe. Ya waigo ya dube ni, na girgiza kai. Ya haɗiye, ya ce, "Wannan ya wuce. Guda nawa kake so?"

A sito ma haka aka yi. Baƙon ya shafa fata, ya naɗe ta a hannu, ya shinshina, fuskarsa ta nuna kayan sun yi masa. Amma sai ya ce in sha Allahu za a tattauna. Baba ya ce, "Eh ko a'a?" Haka suka kwashe kwanakin ziyarar, ɗaya yana neman zumunci, ɗaya yana neman amsa. Ni kuwa ina tsakiya ina jin daɗi, don a ganina kowa yana bin ƙa'ida, haɗuwa ce kawai ta rage.

A filin jirgi abokina ya riƙe hannuna ya ce bai taɓa ganin fata mai laushin wannan ba. Sai dai gaggawar mahaifina ta ba shi tsoro, kamar akwai abin da ake ɓoyewa. Ya ce a gidansu ba sa ciniki da mutumin da bai yarda a san danginsa ba. "Ko mahaifiyata bai tambaye ni ba," in ji shi.

Na dawo na tarar Baba ya mayar da dardumarsa, yana zaune a ƙasa. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Yaron nan yana da tarbiyya. Na ji kunyar abin da na yi masa a zaurena."

Kafin azumi aka karyar da fatun aka rufe siton. Yanzu kayan waya ake sayarwa a ciki. Ni kuma na rubuta abin da ya faru a matsayin aikina na ƙarshe, na cire sunaye, na ƙawata shi da manyan kalmomi. Na fi kowa maki a ajin, har malamin ya nemi izinin koyar da sababbin ɗalibai da shi.

Da na kai wa Baba sakamakon, ya tambaye ni a kan me na yi rubutun. Na gaya masa. Ya juya takardar a hannu, ya miƙo mini.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Ashe dai fatar ta yi wa wani amfani."