Farar Ƙasar da Ta Ƙoshi

Fitilata ta mutu a wata rijiya a Karofi yau, tun ba ta kai ƙasa ba. Nan take na tuna tsohon da ya koya mini yasar rijiya.

Ba ya barin kowa ya sauka sai ya zura fitila. In ta mutu, akwai mugunyar iska. Sai ya dama farar ƙasa a bokiti ya watsa ciki, ta shanye iskar.

Wata rana a Kurfi mai gidan da muka je yi wa yasa ya ba mu tasa farar ƙasar. Muka watsa, fitila ta ci a lumshe, na sauka. Kaina ya sara, ƙirjina na bugu, ina jan numfashi ba ya isata. Tsohon na sama yana kira.

"Kai, gardi, yi magana in ji!"

Na kasa amsawa. Da igiya ya fizgo ni, tafin hannunsa duk ya saɓule. Ya murza garin a yatsa, ya dubi mai gida.

"Alhaji, wannan ta shekara a buɗe. Ta sha iska ta ƙoshi, me za ta sha mana?"

Mai rijiyar yau sai zarya yake yi, gidansa ba ruwa. Ya kawo wani tsohon buhun farar ƙasa. Na murza, na ce a'a.

Ina nan bakin rijiya, na kasa zama, ina jiran mai babur ya kawo sabuwa daga Dutsin-Ma. Allah ya yalwata wa tsohon nan kabarinsa, kada ya matse shi.