Dakta Afaf da Bencin Rudaina

Tun rana ba ta gama ɗagowa daga bayan kogin Nilu ba, za ka hango Dakta Afaf Girgis tana takowa sannu a hankali zuwa sashen ƙodar yara a asibitin birnin Asiyut, da burodi a jaka, kamar mai tafiya cikin mafarki. Da ta shiga sai ta saki labule, don yaranta ba sa jure haske. Ciwonsu na gado ne, ba kasafai ake ganinsa ba: wani gishiri ke taruwa a jiki, ya ci ƙoda, ya kwanta a ido. Duk matashin likitan da ya samu gurbin bincike a hannunta, idon yaro take fara nuna masa ta madubin duba ido. Yana leƙawa sai ya ga ƙyalli birjik kamar taurari, ya kasa ɗauke ido.

"Kallon ya isa haka, ɗana," in ji ta. "Ɗauke shi ka ɗora a cinya."

To, nan ake yin ta! Maganin ciwon yana sa jiki warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Dakta Hazim, ɗaya daga cikin matasan, har gobe yana ba da labarin Rudaina, 'yar shekara tara. Wata safiya Dakta Afaf ta rungume ta, sai ta ɗaure fuska.

"'Yata, yau ƙamshi kike. Ina maganin?"

Yarinyar ta fashe da kuka. Ashe a magudanar ruwa take zubar da shi, don a aji ba mai yarda ya haɗa benci da ita. In ta ci gaba da haka ƙodarta za ta tafi, sai zaman injin wankin jini.

"Zan sha," in ji Rudaina, "in akwai mai zama kusa da ni."

Dakta Afaf ta juya ta dubi Hazim.

"Haba Dakta, ni fa bincike na zo yi!"

"Ga shi nan a gabanka, sarkin bincike. Ɗauki jakarka."

Haka ƙaton likita ya riƙa zuwa makarantar ƙauyensu duk mako, ya naɗe ƙafafu a bencin yara, gwiwa har haɓa, yana karɓar aron fensir a wurin Rudaina. Da fari dariya aka yi ta yi. Sannu a hankali 'yan matan ajin suka fara kishi, suna rige-rigen zama wurin ran da bai zo ba. Daga wannan benci ya rubuta nazarinsa kan abin da ke sa yara barin magani.

Dakta Afaf, ke ce uwar marasa jure haske. Ba sunanki ke saman takardun bincike ba, na ɗalibanki ne, kuma wallahi ba ki taɓa nuna damuwa ba. Yau da kike ajiye farar riga, zukata sun yi nauyi. Mun gode, Allah Ya saka da alheri.

Ku kuma masu neman gurbin bincike, ku fara da zama kusa da yaran. Rudaina dai bana take gama sakandare, kuma har yau ba a taɓa haɗa ta da inji ba.