Wan Jatau Ba Shi da Suna

Jikokina sun hana ni sakat kwanakin nan da musu a kan wani wasan kwaikwayo da suke kallo a talabijin. Wa da ƙane ne a ciki, an tsayar da shirin ba a ƙarasa ba, shi ke nan gida ya rabu biyu. Waɗannan su ce wan mugu ne, waɗancan su ce ƙanen ne munafuki, kowa yana rantsuwa ya san yadda za ta kaya in an dawo. Suna tsammanin gyangyaɗi nake yi a kujera. Ni kuwa ina jin su sarai, kuma raina ba ya so, don na yi irin wannan musun tun ba a haifi iyayensu ba, kuma namu bai ƙare da dariya ba.

A Ɗantutture na tashi, ƙasar Kurfi, a shekarun da ake ta raɗe-raɗin Turawa za su tafi. Gidanmu gandu ne. Babana da ƙanensa, Baba Audu, gona ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya ake ɗiba, akushi ɗaya ake kai musu zaure, yadda kakanmu ya bar su. A tsakiyar gidan ɗakin Iya yake, wadda ta haife su duka biyun. Ƙanƙanuwar tsohuwa ce mai jajayen haƙora saboda goro da fure, ga murya kamar ba daga jikinta take fita ba.

Babana shi ne ɗanta na fari, kuma Iya ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ban taɓa ganin wata mace ta riƙe ba. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta yi masa magana baki da baki. In ya durƙusa gaishe ta, sai ta kau da kai ta amsa wa bango. In tana da saƙo, ni take kira: "Hansatu, ce ma mutumin ga dangar baya ta hwaɗi." Baba Audu kuwa auta ne, da shi ake hira har a ƙyaƙyace da dariya. Ba wanda ya ga aibin haka. Yabon ta ma ake yi, a ce Iya ta san kunya.

Shekarar da abin ya faru, Baba Audu ya tafi ci-rani bai dawo ba sai da aka gama shuka aka yi noman farko. Babana shi kaɗai ya ja gandun har tafin hannunsa ya tsattsage. Da ƙanen ya dawo da sabuwar riga da labaran birni, babana bai ce masa uffan ba, sai dai ya sa a riƙa raba musu tuwo. Kafin gero ya nuna, kowa a gidan ya ji: in an gama kaka za a raba gandu, babana zai kwashe mu mu koma Makera, can wajen Dutsin-Ma, inda dangin innata suka yi masa alkawarin gona.

Iya ta san in ta ce masa ya zauna, zai zauna. Amma bakin nan nata ba ya buɗuwa gare shi. Sai ta yi dabarar da ta iya. Da ma bayan sallar isha'i muke taruwa a ƙofar ɗakinta, mu da yaran maƙwabta, a hura wuta da kara, a turbuɗa gyaɗa a toka, ta yi mana tatsuniya. Wata rana ta ce hayaƙi yana damun kajinta, a mai da wutar gindin zanan da ya raba tsakar gida da turakar babana. A bayan zanan nan yake zama kullum yana tufkar igiya. Mu yara ba mu kawo komai a rai ba, muka ja tabarma muka bi ta.

"Ga ta can ta taho," in ji Iya.

"Ta iso mu tarbe ta!"

Sabuwar tatsuniya ce, ba mu taɓa jin ta ba, kuma ba irin wadda ake gamawa a zama ɗaya ba ce. Wai an yi fari a wani gari har tafkuna suka tsage. Wani mutum ya fara haƙa rijiya, ya rasu bai kai ga ruwa ba, ya bar 'ya'ya biyu maza da tsohuwar uwarsu. Ƙanen sunansa Jatau. Suna cikin haƙa wata rana, Jatau ya ji kiɗa daga daji, ya yar da dagi ya bi sautin. Daga nan kowane dare da inda Iya za ta kai shi. Ya je garin da birai ke sarauta ya zama marokinsu. Ya sayar wa kura da inuwar kuka. Ya auri 'yar sarkin tsuntsaye ya gudu da fukafukin aro. Iya takan canja murya, ta yi masa waƙa, mu amsa da tafi har gyaɗarmu ta ƙone ba mu sani ba. Sai can a ƙarshe, za ta rufe, ta ce a taƙaice, "Shi kau wan Jatau shina nan shina haƙa." Ta kakkaɓe zane ta ce ta ɗaure ta a turke sai gobe.

Na taɓa tambayar ta, "Iya, mi ne sunan wan?"

"Ba ruwanki da sunanshi. Wan Jatau dai."

Musu ya kaure a tsakaninmu, kuma ba a bakin wuta kaɗai ba. A rijiya, a gona wajen tsintar gyaɗa, a hanyar makarantar allo, zance ɗaya ne. Garba, ɗan Baba Audu, sa'ana ne, tare aka yaye mu, shi ne shugaban 'yan Jatau, kuma duk yaran unguwa na bayansa. Wasu na cewa Jatau zai dawo da dukiya ya zama sarki. Wasu na cewa ba zai dawo ba sam, me zai dawo ya yi a garin da ba ruwa? Ni kaɗai ce ke bayan wan, ni ma ba don na gane komai ba. Tausayinsa nake ji, mutum a cikin rami shi kaɗai, ba waƙa ba tafi. Garba ya sa mini suna matar mai rami, na yi kuka har na gaji.

Sai daren da Iya ta dawo da Jatau gida. Ya dawo ba ko tsinke, leɓɓansa sun bushe, yana jan ƙafa, a ranar da ruwa ya ɓullo a rijiyar. Ya tarar da wan a tsaye a bakinta da guga cike. Nan Iya ta tsaya. Ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba, ta ce, "To ku hwaɗa mani, ku ɗiyan ga. Shi ba shi ruwan, ko shi hana shi?"

Yanzu na san abin da take nema. So take mutumin da ke bayan zana ya ji bakin yara, waɗanda ba su san komai ba, suna cewa a ba shi. Kuma sun faɗa, sai dai ba yadda ta so ba.

"Shi ba shi mana!" in ji Garba. "Shi wan mi ya iya ban da haƙa?"

"Ko dariya bai taɓa ba mu ba," in ji wata yarinya.

"In ya hana, Jatau shi ingiza shi cikin rijiyar, a huta. Wa zai neme shi? Ko suna bai da shi!"

Aka fashe da dariya. Iya ta ce, "Kai, Garba, bakinka," amma a hankali ta faɗa, yadda ake tsawata wa ɗan lele. Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni, na miƙe tsaye. Na ce, "Iya, ke ce ba ki son shi! Kullum Jatau, Jatau. Ki hwaɗi abu ɗaya mai kyau da wan ya yi, ɗaya tak!"

Iya ta buɗe baki. Na ga idonta ya kai ga zanan ya dawo. Ta sa kara ta tona toka, ta ce, "Gobe."

Sai muryar babana ta fito daga bayan zana, ba da faɗa ba. "Hansatu, taso. Daga yau kin gama jin tatsuniya."

A daren na ji shi yana gaya wa innata, "Na ji da kunnena. Har a tatsuniya ba ni da suna." Ban taɓa jin muryarsa haka ba, kuma tsoro ya kama ni.

Iya ba ta ƙarasa ta ba. Yara sun yi ta naci, ta ce ta manta inda ta tsaya. Da aka gama kaka dattawa suka zo, aka raba damman gero da na dawa, aka raba awaki, aka auna gona da igiya. Ranar tafiya, an ɗaure wa jakuna kaya, babana ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce, "Iya, za mu tahi." Ya daɗe a durƙushe, ya fi yadda ya saba daɗewa. Ta amsa wa bango, "Allah shi kiyaye hanya." Ni ta riƙe wa wuyan hannu, ta matse har ya yi mini zafi, sannan ta sake ni. Garba ya bi mu har bayan gari yana kuka, yana cewa wasa yake yi.

Daga nan sai da salla muke zuwa. Gaisuwar dai ita ce, bangon ma shi ne. Har aka yi mini aure a Shema. Ina da cikin fari aka aiko Iya ba lafiya, muka tafi tare da babana. Shi ya zauna a zaure, ni na shiga. Ta rame ta koma kamar yarinya. Ina shafa mata ƙafa na ce, "Iya, wan Jatau ya ba shi ruwan?"

Ta yi murmushi. "Ashe kina nan da ita. Ya ba shi mana. Shi da ya tsage hannunshi don gida shi sha, zai hana ƙanenai? Sai gari duk ya taru bakin rijiya, ana tambaya wa ya yi wannan aiki. Sai uwarsu ta hito gaban jama'a, ta kama hannunshi ta ɗaga, ta kira sunanshi da ƙarhi. Ta ce wanga shi ne ya riƙe ni. Nan na so in kai ku."

"Mi ne sunan, Iya?"

Ta kau da kai ta dubi bango.

"Shina zaure. In kira maki shi? Ki hwaɗa mashi da bakinki, Iya, don Allah."

Hawaye na bin gefen idonta zuwa kunne, amma ta harare ni. "Ke dai ba ki da kunya, Hansatu. Bar shi inda yake."

Ba ta ƙara kwanaki da yawa ba. Bayan an yi sadakar bakwai, a hanyar komawa, na ba babana ƙarshen tatsuniyar kaf, ban rage komai ba. Ya saurara yana tafiya, bai dube ni ba. Da na gama ya ce, "Ta hwaɗi sunan?" Na so in yi masa ƙarya, Allah ya sani. Na ce a'a. Ya gyaɗa kai, ya ce in ɗaga ƙafa rana na yi. Shi da Baba Audu sun ci gaba da gaisawa a wurin suna da jana'iza, amma ba su ƙara cin tuwo a akushi ɗaya ba.

Na daɗe ina ɗauka darasin tatsuniyar nan na 'yan'uwa ne, wa ya yafe wa ƙane. Sai da na girma na ga ba Jatau ne ya raba gidanmu ba, ba kuma bakin Garba ba. Iya ta fi son babana a kan kowa a duniya, ba ni da shakka ko kaɗan. Ta tsara masa yabon da ba a taɓa yi wa wani ba, ta ajiye shi sai gobe, don ta kasa faɗinsa yau yana ji. Ban ce kunya banza ba ce, da ita aka rene mu, kuma na ga inda ta yi amfani. Amma na ga dattijo mai furfura ya mutu a Makera bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba, kuma har yau in na tuna sai na ji haushinta da tausayinta sun haɗu a raina.

Da na haifi ɗana na fari, ranar da ya fara tafiya na tsaya a tsakar gida, mata cike da wuri, na kira shi da sunansa da ƙarfi. Surukata ta kama baki tana salati. An daɗe a Shema ana ba da labarin rashin kunyata, kuma ban taɓa ba kowa haƙuri ba. Yanzu shi ma ya yi furfura. Duk ranar da ya durƙusa gaishe ni, sai na dubi tsabar idonsa na ce, "Usman, ka riƙe ni. Allah ya yi maka albarka."