Motar Da Yaya Ya Rage Wa Tsayi

Shekaranjiya ina tsaye a bakin titi a Funtua ina jiran abin hawa, sai ga wata mota ta samarin zamani, cikinta kamar zai lashi kwalta. Ta zo hawa tudun rage gudu, ƙarfen ƙasanta ya gogi siminti, ƙiiii! Mutane suka yi dariya. Ni kuwa ban yi dariya ba, na nemi benci na zauna. Na san wannan ƙara. Tun ina 'yar shekara goma sha ɗaya take cikin kunnena.

Ƙauyenmu yana can bayan Maska. A lokacin mota ɗaya ce tak a garin, ta Babanmu, wata tsohuwar ƙaramar mota mai ruwan toka da ya saya shekarar da auduga ta yi kyau. Shi bai iya tuƙi ba, bai kuma damu ya koya ba. Yayanmu, ɗansa na fari, shi ne direba. Motar tamu ce a baki, amma ta gari ce. Mai naƙuda, wanda sa ya soka, yaron da zazzaɓi ya sanƙarar, duk ita ke kai su asibiti. Mu yara kuwa aikinmu wanke ta da ruwan rijiya, muna faɗa a kan wa zai goge madubi.

Ka san hanyoyinmu. Jar ƙasa ce, amalanke da tarakta sun haƙa ramuka biyu gefe da gefe, tsakiya ta yi doro. Saboda haka kowa a yankinmu ƙara wa mota tsayi yake yi. Sai Yaya. Ya je Kaduna ya yi wata biyu da rani, ya dawo da sabon aski da sabon ra'ayi. Wai motarmu ta yi tsayi kamar raƙumi, 'yan birni ƙasa-ƙasa suke yayi. Ya kai ta wajen wani mai walda, aka yanke sifirin ƙafafun nan huɗu, wato murɗaɗɗun ƙarafan da ke ɗaga mota, ya dawo da ita tana rarrafe. Wallahi ni ma na ce ta yi kyau. Har tafi na yi.

Kawunmu, ƙanin Innarmu, makanike ne a Funtua. Ranar da ya zo gaishe da Inna ya ga motar, bai ko yi sallama ba sai da ya zagaya ta. Ya danna bayanta da hannu biyu ya saki, ya girgiza kai.

“Ɗana, ka yanke sifirin, shokazoba masu tare girgiza fa?” ya tambayi Yaya.

“Lafiyarsu ƙalau, Kawu.”

“An yi su ne daidai tsohon tsayi. Yanzu a takure suke, ba su da wurin motsi. Za su zubar da mansu su mutu, motar ta riƙa dukan ƙasa. Ko ka sa gajeru masu ƙarfi, ko ka mayar da ita yadda take. Kuma ko ka sa, ba motar wannan hanya ba ce.”

Yaya ya sosa ƙeya ya ce to. Irin “to” ɗin nan da kowa ya san ba ta zuwa ko'ina.

Kawu ya samu Baba a zaure ya ce ya yi wa yaron magana. A nan gizo ke saƙar. Babanmu mutum ne mai kunyar ɗan fari ta gaske, irin ta mutanen da. Ban taɓa jin ya kama sunan Yaya ba, sai dai “wancan” ko “direbanku”. In zai aike shi, ni yake faɗa wa in faɗa masa, ko da kuwa Yaya na zaune a gefe. Inna ma haka, ta fi shi. Baba ya ce, “Ai kai ne kawunsa, kai za ka faɗa ya ji.” Kawu ya ce ai shi ya riga ya faɗa. Kowa ya ɗauka ya sauke nauyi, aka watse aka ci tuwo.

Da rani ba a ga komai ba. Damina na sauka motar ta fara tsalle-tsalle, in ta faɗa rami sai ka ji ƙwas har cikin haƙoranka. Ni da ƙannena muna jin daɗin abin, muna ihu a kujerar baya.

Ranar da abin ya faru, ana tsakiyar marka, masara ta fara goyo. Na kai wa Baba fura gona da hantsi. Ina kallo ya sunkuya zai cire ciyawa a gindin kunya, ya yi baya da sauri yana salati. Kububuwa ce ta sare shi a hannu. Aka ɗauko shi zuwa gida, kafin a fito da mota hannun ya kumbura, dasashinsa ya soma jini. Kowa ya san maganin yana asibiti a Funtua, kuma kowa ya san ba ya jira.

Mu kuma ba ma kai mara lafiya mu biyu. Inna ta shiga, ni na riƙe masa hannu, maƙwabtanmu biyu suka cusa kansu. Motar ta ƙara zama.

Yaya ya yi tuƙi, Allah ya sani. Yana kauce wa doro, yana hawa gefe, gumi na zuba daga haɓarsa. Ba mu kai Maska ba muka faɗa wani kwari da ruwa ya rufe. Motar ta nutsa, babu abin da ya riƙe ta, cikinta ya daki dutse. Ƙarar nan ta tashi. Muka ɗan ƙara gaba, injin ya yi tari ya mutu. Na waiga na ga baƙin mai ya bi bayanmu a kan jar ƙasa.

Yaya ya fita ya kwanta cikin taɓo yana leƙa ƙasan motar, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ɗaya maƙwabcin ya ruga neman babur. A nan ne Baba ya buɗe ido ya kira Yaya da sunansa na yanka. Inna ta rufe fuska da mayafi. Yaya ya taso jikinsa duk laka.

“Zo ka zauna kusa da ni,” in ji Baba. “Bar motar nan.”

Babur ya zo, amma bayan an daɗe. Suka sa Baba a tsakiya, Yaya ya rungume shi ta baya. An isa asibiti, an yi masa allura. Ya cika bayan la'asar.

Ba wanda ya taɓa ce wa Yaya komai. Kwana ne ya ƙare, haka kowa ya ce, kuma gaskiya ne. Amma bai sake riƙe sitiyari ba har yau, ga shi da furfura da jikoki. Yanzu an gyara hanyarmu, motoci sun yi yawa a garin. Yara ma suna zama da iyayensu su yi musu, uba ya kira ɗan fari gatsau ya ce masa kai, ba ka da hankali. Da ina ganin rashin ta ido ne. Yanzu ban sani ba.

Bara Kawu ya kwanta ciwon ajali, muka je duba shi ni da Yaya. Da za mu tashi, Yaya ya durƙusa ya yi tambayar da ya riƙe shekaru.

“Kawu, da na canza shokazoban nan, da mun isa?”

Kawu ya juyo ya dube shi.

“Da motar ba ta daki dutsen nan ba, watakila. Ko zai rayu, wannan ba sanina ba ne.” Ya kamo hannun Yaya. “Kai yaro ne a lokacin. Ni na san abin da zai faru. Sifana na cikin aljihuna ranar, awa ɗaya ta ishe ni in kwance ƙafafun in tafi da su. Na tsaya na ci tuwo na koma gida.”

Ashe su biyu ne suke ɗauke da wannan nauyi, kowa a ɗakinsa.