Talatar Ummu Rim

A asibiti na fara ganin Hadijatu, a ɗakin jiran masu ciwon sikila. Ni na kawo 'yata Hadil, ita kuma ta kawo tata, Rim. Iyayen da ke wurin kowa ya yi jugum, wasu sun duƙufa a kan waya, amma ita tana riƙe da kwalin magani, ita da yarinyar suna karanta rubutun jikinsa suna gardama a kan wata kalma. Da Larabci suke magana, har Rim ta fara lilo da kujera, sai na ji uwar ta ce da Hausa, "Ke, zauna daidai!" Nan na san tamu ce. Na matsa kusa na yi mata sallama da Hausa, ta ɗago tana dariya ta ce, "Ashe 'yar gida ce. Bismillah, ga wuri."

A unguwar Misfala ta nan Makka aka haife ta. Kakanta mutumin Kazaure ne, ya taso da niyyar Hajji, ya ratso Cadi, ya yi shekaru yana aikin gonar auduga a Sudan kafin ya tsallako teku, bai kuma koma ba. Mahaifinta carbi da dadduma yake sayar wa alhazai. Ita ce babba a ɗakinsu, saboda haka da jinya ta kama mahaifiyarsu sai ta bar makaranta tun ba ta shiga sakandare ba, ta riƙe gida. Daga baya ta auri Mukhtaru direban tasi, suka kama haya a hawa na uku a wani tsohon bene a unguwar Hindawiyya. Ɗinkin abaya take yi a gida. Mutanen unguwa ba sa kiran sunanta, Ummu Rim suke cewa.

Rim ta shiga makaranta kamar kowa, amma makarantar ba ta karɓe ta ba. Ajinsu yana sama, ga mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana busa mata sanyi tun safe. Mai sikila kuwa sanyi abokin gabarsa ne. Sai ta yi mako guda a aji, ta yi biyu a gadon asibiti. In ta dawo an wuce ta, ta zauna a baya tana kallon allo kamar baƙuwa. Malaman sun yi ƙoƙarinsu, sun sauya mata kujera, sun bar ta da rigar sanyi, duk da haka abin bai canja ba. Da ta kai aji uku Hadijatu ta ji labarin tsarin da ake kira manazil, inda yaro mai lalura zai yi karatu a gida, ya je makaranta lokacin jarrabawa kawai. Ta yi ta zirga-zirga har aka amince mata.

Dangi ba su ji daɗi ba. Yayar mijinta ta zo har gida ta ce, "Hadijatu, ke da ba ki gama taki makarantar ba, me za ki koya mata? Ɗinki?"

"Yaya, abin da na sani zan koya mata," in ji Hadijatu. "Wanda ban sani ba, mu koya tare."

Farkon abin bai yi kyau ba, ita da bakinta ta ba ni labari. Ta sayo farin allo ta kafa a falo, ta sa Rim ta riƙa sa rigar makaranta, ta tsara darasi bayan darasi kamar yadda ake yi a aji. In yarinyar ta kasa, sai ta ɗaga murya. In ita ta kasa, sai ta ƙara ɗaga murya. Rim ta daina magana. Da azahar, idan 'yan makaranta suka taso, sai ta je taga ta tsaya tana kallonsu suna wucewa a lungu har na ƙarshensu ya ɓace. Hadijatu tana kan keken ɗinki tana ganinta.

Wata safiya Mukhtaru zai kai ta halaga, babbar kasuwar kayan miya ta Ka'akiyya, babu wanda za a bar wa Rim, sai suka tafi da ita. Suna shiga yarinyar ta zama wata daban. Duk kwalin da ta gani sai ta karanta: tumatirin nan daga ina, lemon can daga wace ƙasa, me ya sa mangwaro yake zuwa daga Jazan amma ba ya zuwa daga Makka. Ta tsare wani mai albasa da tambaya har ya bar ciniki ya ɗora ta a kan sikeli ya auna ta, ya ce ba ta kai buhu ɗaya ba. Ta yi dariyar da uwarta ta daɗe ba ta ji ba. A mota ta ce, "Ummi, gobe ma mu dawo."

Da suka isa gida Hadijatu ta ciro taswira a waya, suka nemo duk garuruwan da suka gani a jikin kwalaye. Har la'asar suna kai, babu wanda ya ɗaga murya. Washegari ta ninke rigar makarantar ta sa a akwati.

Ba a daɗe da wannan ba muka haɗu. A lokacin ni ma na cire Hadil daga makaranta, amma ban san abin da zan yi da ita ba, sai kallon talabijin daga safe har yamma. Da na gaya wa Hadijatu, sai ta ce, "Samah, ranar Talata ki kawo min ita. Ki zo da ruwa da yawa da hula."

Talata ta zaɓa saboda tsakiyar mako ne, yara suna makaranta, wuraren da za mu je babu cunkoso. Mota kuwa ta ƙanin mahaifinta ce, Baba Garba, wanda ya yi rayuwarsa yana tuƙa bas ɗin alhazai daga tashar Kudai zuwa Harami har ya ajiye aiki. Yana da wata tsohuwar motar fasinja da ya ƙi rabuwa da ita. Da Hadijatu ta roƙe shi, sharaɗi ɗaya ya kafa: a cikin motarsa ba a Larabci. Yaranmu kuwa haifaffun nan ne, Hausarsu ba ta wuce "ina kwana" da "na ƙoshi" ba. Ranar farko shiru motar ta yi kamar ana zaman makoki. Kafin shekara ta zagayo suna musu da shi a kan ko "shai" ake cewa ko "shayi", yana dukan sitiyari yana cewa sun ɓata masa harshe.

Daga mu biyu muka zama gida huɗu, daga baya muka ƙaru. Akwai mai ciwon asma, akwai yaron da in'ina ta sa aka yi ta tsokanarsa har ya ƙi komawa aji, akwai waɗanda takardun zamansu suka samu tangarɗa ana jiran a gyara. Hadijatu ba ta taɓa tambayar uwa dalilinta ba. Abin da take tambaya shi ne, "Me kika iya?" Ni na ɗan yi jami'a, sai ta ɗora min Turanci. Wata ta iya tajwidi, wata mijinta mai gyaran wuta ne, aka sa shi ya zo ranar hutunsa ya nuna wa yara yadda ake kunna ƙwan fitila da batir da waya. Wadda ta ce ba ta iya komai ba, Hadijatu ta ce, "Ba ke kike yin wainar nan ba? To ranar Alhamis kicin ɗinki ne aji."

Mun je wurare da yawa da ni kaina, haifaffiyar Makka, ban taɓa takawa ba. Mun je gidan baje kolin kayan masallatan Harami biyu da ke Ummul Jud, yara suka tsaya a gaban tsohon bakin rijiyar Zamzam da gugarsa, suka kasa yarda cewa da hannu ake janyo ruwan a da. Mun je gefen Arfa mun ga ragowar magudanar Ainu Zubaida, wadda ta riƙa kawo wa garin ruwa daga duwatsu. Da muka dawo suka gina tasu a saman bene da kwali da leda, daga bakin tanki zuwa bokiti, ruwa ya ɓalle ya zubo wa mai gidan hawa na biyu a kan shanyarsa. Hadijatu ta sauka ta ba shi haƙuri, ta dawo da shi sama ya ga aikin, ya ƙare yana riƙe musu kwali. Mun je wajen mai gasa gurasar tamis tun da sassafe, ya bar kowa ya murza ƙulli. Da sanyi ya shigo suka shuka zogale da lalo da yakuwa a bokitan fenti, kowane yaro da nasa, yana auna tsawonsa yana zanawa.

Littattafan makaranta ma ba a bar su ba, domin jarrabawa tana nan tana jira. Lissafi ne ya fi ba Hadijatu wuya. Bayan la'asar za ka same ta ta ture keken ɗinki gefe, ta jingina waya da kwalbar man keke, tana kallon darasin kasafi tana maimaitawa. In yaro ya tambaye ta abin da ba ta sani ba, ba ta kame-kame. Cewa take, "Wallahi ban sani ba. Yalla, mu nemo."

Sai shekarar da muka je Ɗa'if. Lokacin furen wardi ne, yara sun daɗe suna roƙon a kai su su ga yadda ake tatso turare. Muka hau hanyar Hada, motar Baba Garba tana nishi a kan dutse, yara suna ihu suna nuna birai. Gonar ta yi kyau ƙwarai, iska mai sanyi, ƙamshi ko'ina. Muna cikin kallon tukwanen da ake dafa furen Rim ta kama hannun uwarta ta ce ƙirjinta. Kafin mu kai mota ta kasa miƙewa. A can aka kwantar da ita, kuma wannan karon ciwon ya yi tsanani fiye da duk wanda ta taɓa yi. Likitan ya ce tsayin dutsen ne da sanyin, iskar can sama ba ta ishi mai sikila ba. Hadil kuwa Allah ya kiyaye ta.

Babu wanda ya zargi Hadijatu kamar yadda ta zargi kanta. Mukhtaru bai ce mata komai ba, kuma ta ce da ma ya yi faɗa da ya fi mata sauƙi. Bayan an sallame su ta aiko mana cewa ta dakatar da fita. Talata ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Baba Garba ya riƙa zuwa ƙofar benen yana zama a mota, ya gaji ya tafi.

Ina gidan ranar da Rim ta yi mata magana. Tana kwance a kan doguwar kujera da bargo, ta ce, "Ummi, yaushe za mu je Jidda ganin kasuwar kifi? Kin yi alkawari."

"Babu inda za mu ƙara zuwa. Na kusa kashe ki."

"Ummi, a nan ɗakin ma ina yin ciwo. Ciwon da na yi da azumin bara, ina muka je?"

Hadijatu ta ci gaba da ninke wani yadi da ta riga ta ninke.

"Ni dai gara in yi ciwo na ga wani abu," in ji Rim.

Uwar ta tashi ta shiga kicin. Na bi ta na same ta ta kifa kai a jikin firij tana kuka. Da ta share fuska sai ta ce, "Samah, ranar ganin likita ki raka ni." Muka je tare, ta zauna a gaban likitar Rim ta lissafo mata duk wuraren da take son kai yara, ɗaya bayan ɗaya, tana tambaya wanne ne lafiya, wanne ne ba lafiya ba, me za a riƙe a jaka. Likitar ta soke duwatsu da shiga ruwan sanyi, ta bar sauran. Mukhtaru da kansa ya ajiye tasi ya raka mu Jidda, shi ya ɗauki jakar magani.

Rim ta ci jarrabawarta kowace shekara, wata da kyau, wata da ƙyar. Da ta isa shiga sakandare, jikinta ya ɗan yi ƙarfi da sabon maganin da aka ɗora ta a kai, sai ta ce ita makaranta take so ta koma, tana son ɗakin gwaje-gwaje na gaske da ƙawaye masu yawa. Na ga yadda maganar ta soki Hadijatu. Ta yi kwanaki ba ta da walwala. Amma ita ta je ta nemo makarantar da ajin yake ƙasa, ita ta ɗinka rigar, ita ta raka ta har bakin ƙofa.

Mun zaci shi ke nan, tunda wadda aka fara dominta ta tafi. Da Talata ta zo sai ga saƙonta da sassafe: "Kuna ina? Baba yana ƙasa."

A makon da ya wuce wata matashiya mai suna Manal ta hau benen da ɗanta kurma, ɗan shekara shida. Ta zauna a bakin kujera tana ta ba da haƙuri, wai ta san babu wanda ya iya maganar hannu a nan, ta zo ne dai ko zai samu yaran da zai yi wasa da su. Hadijatu ta tambaye ta ko ita ta iya.

"Kaɗan-kaɗan, Hala," in ji Manal, tana kiranta "inna" da Larabci. "Wanda muke yi a gida."

"To ke ce malamarmu ta ranar Lahadi. Yaya ake cewa sannu da zuwa?"

Manal ta nuna mata. Hadijatu ta durƙusa a gaban yaron ta gwada, ta karkata hannun ba daidai ba. Yaron ya dube ta, ya girgiza kai, ya kama yatsunta ya gyara mata su. Ta sake yi, ya ɗaga kai alamar ta yi daidai, sannan ta juya ta kira sauran yaran su zo su koya.