Shekara Tara Babu Baba, Har Yau Muna Juya Riga

Shekara tara ke nan cif da rasuwar mahaifina, Malam Yusha'u, wanda unguwarmu a Birnin Zariya ke kira Baba Mai Aska, saboda aikin aska takwas da yake yi wa babbar riga da hannu. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba sai yau, don mutum ne da yabo ke ba shi kunya. Allah ya jiƙansa.

Ni kaɗai ne ɗansa namiji, kuma ni da allura ba ma ga maciji. Shekara uku yana koya mini, abin da na ƙware a kai shi ne soke yatsana. Ga aikin inji ya cika kasuwa, maɗinkan zaurenmu sai zamewa suke ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa faɗa ba, amma kowa ya san abin da ke cin ransa: kada zauren da kakanmu ya kafa ya rufe a bayansa.

Ran da na ce masa zan karanta fannin tallata kaya a harabar jami'a ta Kongo, nan Zariya, wanda 'yan boko ke kira maketin, yana tsaka da ɗinki. Can ya ce, "Ashe sayar da kaya ma sai an je jami'a? To, Allah ya sa albarka. Amma duk hutu nan za ka zauna, ka ga yadda mu da ba mu yi boko ba muke yi."

Yadda yake yi kuwa haushi yake ba ni. Mai saye zai shigo, maimakon ya nuna masa gaban riga, sai ya juya ta ciki-waje, ya nuna masa ƙullin zare, har da inda hannu ya ɗan kauce. Ni kuma na shiga aji biyu, kaina ya cika da littafi, gani nake Baba korar kasuwa yake yi.

Wata la'asar yana masallaci, wani malamin makaranta daga unguwar Tukur-Tukur ya zo. Na shimfiɗa masa riga ta gaba, na zuba zance, ya ɗauka ya tafi. Na san akwai wurin da zare ya ƙare aka ci gaba da wani mai ɗan duhu, na yi gum. Da Baba ya dawo na ba shi labari ina washe baki. Tambaya ɗaya ya yi: "Ka juya masa?" Ko faɗa bai yi ba, takalmana kawai ya turo mini da ƙafa.

A ƙasa na taka har Tukur-Tukur, ina tafe ina ƙunƙuni. Na juya rigar a ƙofar gidan mutumin, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya duba, ya yi dariya, ya ce a gaida Malam. Kafin sallah ya dawo zaurenmu da ƙannensa biyu.

Baba bai ga kammala karatuna ba, kuma wannan har yau yana yi mini ciwo. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yadda nake sayar da aikin maɗinkanmu ta waya, ga mutanen da ko gaisawa ba mu yi ba. Na tabbata sai ya yi tsaki. Amma na san zai ce in nuna masa hoton farko, kuma zai tarar cikin rigar ne. Jami'a ta koya mini inda zan nemo masu saye da yadda zan yi musu magana, ban raina ba. Abin da ke dawo da su, a zaure na koya.

Zauren bai rufe ba. Tabarmi ma aka ƙara wa sababbin maɗinka, ni kuwa har yanzu ban iya riƙe allura ba. Makon jiya wani dattijo ya zo sayen riga, na kai hannu zan juya, ya ce, "Bar shi, ɗana. Gidan Baba Mai Aska ne, ba sai na duba ba."

Na ce, "A'a, Alhaji, sai ka duba." Na juya masa.