Layi Bakwai na Mushe Isuhu

Da safen nan ina ɗaure kwamfutar wani a bayan babur sai ƙanen Mushe Isuhu ya kira ni. Ya ce Mushe ya rasu bayan sallar asuba, a gidansu na Tsibiri.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na kwance kwamfutar na mayar da ita shago. Ban yi kuka ba, har yanzu ma ban yi ba. Abu ɗaya ne kawai ya tsaya mini a rai, shi zan rubuta.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ya koya mini aikin kwamfuta a lakwal, wato makarantar boko. Ko bayan ya bar koyarwa ya buɗe shagon gyara a Maraɗi, ba mu daina ce masa Mushe ba, yadda ake kiran malamin lakwal a wajenmu. Mutum ne mai rowar magana. In ka yi kuskure gaban mai kaya ba ya tanka maka, sai bayan mutumin ya fita Mushe zai turo maka kujera ya nuna maka. Sukuddireban da nake aiki da shi yau nasa ne, aro na yi shekarun baya, bai taɓa tambaya ba.

Shekara biyu da suka wuce na haɗa wa wata ƙaramar asibiti a Jiratawa kwamfutar da ke aika sakamakon gwajin jini zuwa Maraɗi. Na sa mata tsarin nan na kyauta da kowa ke iya buɗe cikinsa ya gyara. Duk rani lafiya lau. Damina na sauka ta fara mutuwa. Allo ya yi baƙi, rubutu ya cika shi, komai ya tsaya. Kernel ne ke faɗuwa, wato zuciyar tsarin gaba ɗaya. Duk ranar da ta faɗi, mutanen da suka baro gonakinsu suka zauna a benci sai su koma gida ba sakamako.

Na canza memori, na canza waya, na zagi wutar lantarki. Na kawo ta Maraɗi ta yi sati ba ta ko yi tari ba. Na mayar, ta faɗi.

Da na gaji na je wa Mushe. Bai taɓa kwamfutar ba. Ya ɗauki littafinsa da biro, ya hau bayana a babur muka tafi Jiratawa, ya nemi benci ya zauna kamar mai jiran likita. Kwana uku muna zuwa. Ni har na fara jin kunya, don mutane na tambayata ko baban nawa ba shi da lafiya ne.

Rana ta uku bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas. Madam Rabi, wadda ke kula da aika sakamakon, ta miƙe, ta zagaya bayan tebur ta zare wayar rezo, wato ta intanet, da ke saukowa daga eriyar kan rufi. Nan take allo ya yi baƙi.

Ashe haka take yi duk sanda ta ga hadari, don tsawa ta taɓa bin waya ta ƙone musu kaya. Ba ta taɓa haɗa shi da mutuwar kwamfutar ba, a zatonta hadarin ne da kansa. Ni kuwa ban taɓa tambayarta ba.

Na buɗe baki zan ce mata ta daina. Mushe ya riƙe mini hannu.

"Ita ta yi daidai. Mi kake so, ta bar tsawa ta shigo? Abin da ba shi jure a zare mai waya, shi ne mai laihi."

Ya kwafe rubutun allon nan da hannu, layi bayan layi. A shagonsa muka yi kwanaki muna tura babban fayil muna zare waya, ni ke zarewa shi yana karanta direban katin rezo, wato ɗan shirin da ke tsakanin katin da kernel. Daga ƙarshe ya gano. In waya ta fita, direban yakan yi gaggawar sakin wurin da ya ajiye saƙonnin da ke jiran fita, alhali wani ɓangarensa bai gama aiki da wurin ba. Sai ya koma ya taɓa abin da ba nasa ba, kernel ya tsaya cak. Mushe ya sa ɗayan ya jira ɗayan. Gyaran duka layi bakwai ke nan a cikin direban.

Tun daga ranar Madam Rabi na zare wayarta yadda take so.

Amma gyaran a cikin kwamfuta ɗaya yake zaune. Duk ranar da aka sabunta tsarinta zai goge, sai fa in masu kula da direban sun karɓe shi ya shiga na kowa. Mushe ya aika musu. Suka dawo da shi, wai a gyara bayanin. Ya sake aikawa, suka nemi a gwada a kan sabon kernel. Kafin ya yi, ciwo ya kwantar da shi, idonsa ma ya daina jure allo. Ya ba ni littafin ya ce in ƙarasa.

Aikin yini ɗaya ne. Wata takwas ke nan yana cikin jakata.

Juma'ar da ta wuce na je gaishe shi a Tsibiri. Yana kwance a tabarma ƙarƙashin bishiyar bedi, ya rame, amma sai da ya sa aka damo mini fura. Mun yi hirar gero da tsadar mai. Da zan tafi ya ce:

"Laminu, ka aika?"

Na ce gobe in sha Allah.

Ya dubi sama, ya ce, "Damina dai ba ta da nisa." Ko faɗan ma bai yi mini ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ba ni da wani uzuri. Turancina nake jin kunya, ina tsoron su dawo da shi karo na uku da sunana a jiki. Shi da ya girme ni an dawo masa da shi sau biyu, ko a jikinsa.

Ƙarfe biyu za a yi jana'iza a Tsibiri, ga mai halin zuwa. Kafin in tashi na kunna tsohuwar kwamfutar gwajinmu da sabon kernel, na sa layukansa, na yi ta zare waya har hannuna ya gaji. Ba ta faɗi ba. Na aika. A wurin sunan wanda ya rubuta, nasa na sa. In sun dawo da shi, ni zan amsa.

Allah ya jiƙan Mushe Isuhu, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, don Allah ya sa shi a addu'a.